Shekarar da Muka Je Gudu Legas Ni da Yaya Ishaku

Wannan babin domin ku duka na rubuta shi, 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Ishaku, musamman ke Rifkatu 'yar Yaya, da har yau in kin zo gaishe ni idonki yana kan bango. Na san abin da aka gaya muku tun tuni. Wai mun je gudu Legas ni da Yaya, ƙafarsa ta ƙi, na bar shi a bakin titi na tafi neman lambar yabo. Shekara da shekaru ina jin ana faɗa a bayan idona, a bakin coci, a gidan biki, ban taɓa tankawa ba, don ni ma a lokacin haka na ɗauka. Yanzu shi ya tafi, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini gardama in zan tashi daga kujera. Ina da laifi a wannan tafiya, ban musa ba. Sai dai ba wanda kuke ɗora mini ba ne, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina iya riƙe biro.

Mu biyu ne maza a ɗakin uwarmu a Kwaja, shi na fari ni auta, tsakaninmu shekara tara da mata uku. Ku da kuka tashi a Lamorde, cikin garin Mubi, ba ku san hanyar gidanmu na kan dutse ba. Siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, ko ta gona ko wadda ke gangarowa kasuwar Mubi. Dokar gidanmu kuwa, babba a gaba, ƙarami a baya. Babba ne zai sha raɓar safiya a ƙafa, shi zai fara haɗuwa da maciji, shi zai ce a tsaya ko a tafi. Ƙarami ba ya wuce shi, ko da kayan kansa sun fi sauƙi, ko da fitsari ya matse shi. Sau ɗaya na karya wannan doka, ina ɗan shekara bakwai. Na ga Yaya yana jan ƙafa da dammen dawa a kai, na raɓa ta gefensa na sheƙa gida ina dariya. Babanmu yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Kama hannuna ya yi ya mayar da ni daidai inda na wuce Yaya.

"Kana da babba ko ba ka da shi?" ya tambaye ni.

"Ina da shi, Baba."

"To tsaya nan ka jira shi."

A lokacin Yaya ya riga ya sauke dawar ya koma gona ta wata hanya. Na tsaya a rana tun hantsi har la'asar, akuyoyi suna wuce ni, mata suna wuce ni suna tambaya ko lafiya. Sai da Yaya ya taso da yamma ya zo ya wuce ta gabana, sannan na bi bayansa muka shiga gida. Tun daga ranar ban sake wuce shi a hanya ba, a dutse ko a gari.

Shi kuwa Yaya Ishaku Allah ya yi shi da son gudu kamar yadda ya yi wasu da son nama. In aka aike shi, da gudu zai je. In ba a aike shi ba, zai nemi dalili. Yana makarantar firamare aka zaɓe shi ya je Yola gasar gudu, malaminsu har ya hau dutse ya zo roƙon Baba. Baba ya ce ranar ta faɗo cikin girbin dawa, dawa kuma ba ta jiran kowa. Yaya bai je ba, bai kuma taɓa yi wa Baba ƙorafi ba, amma bai daina gudu ba. Da muka girma na samu aikin malamin dabbobi a karar shanu ta Mubi, na zauna a Lamorde. Daga baya shi ma ya sauko da iyalinsa ya gina gida layi biyu da nawa, yana ci gaba da noman wakensa. Daga nan ne na shiga uku. Kullum gari na wayewa zai buga ƙofata sau biyu da gwiwar hannu, in fito ina miƙa, mu kama hanya. Wata rana mu bi bakin mayo, wato rafi, wata rana mu miƙe hanyar Digil muna karo da masu kawo kayan gona kasuwa. Shi a gaba, ni a baya, taku ɗaya tsakaninmu. Mata masu ɗiban ruwa sun saba da mu har sun gaji da tsokana, amma akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa gajiya ba.

"'Yan Kwaja, wa ya kore ku yau kuma?"

"Tsufa ne, Mama!" in ji Yaya. "Yana baya, in kin gan shi ki ce ba mu bi nan ba."

Zan faɗa muku wani abu da ban taɓa faɗa wa ko matata Hannatu ba. Tun ina shekara talatin da 'yan kai na gane na fi Yaya sauri. Ba da yawa ba da fari, amma kowace shekara tazarar tana ƙaruwa. Sai na koyi rage takuna, na koyi yin haki na ƙarya in mun kai kan tudu don kada ya ji shi kaɗai ke wahala. Ina tsammanin wayo nake yi. Ban san yana jin komai ta bayansa ba. Wata safiya mun tsaya a gefen titi wata motar itace ta watsa mana ruwan kwata, ya bi ta da kallo, ya goge fuskarsa da rigarsa.

"Zakka," ya ce, "duk rayuwa na ni nake kauce wa mota. Ina so sau ɗaya kafin in mutu in yi gudu inda za a tare mota saboda ni."

Na yi dariya na ce sai dai in ya zama gwamna. Shi bai yi dariya ba.

Alhaji Modu ne ya kawo labarin. Mutumin Barno ne, dillalin shanu, shekara da shekaru ina duba masa dabbobi kafin a loda su zuwa kudu. Ya san mu da haukar gudu, don yakan gan mu in ya fito daga masallaci da safe. Wata rana ya kira ni rumfarsa ya ce ƙaninsa da ke Legas ya gaya masa za a yi babban gudun fanfalaki na rabin zango, kilomita ashirin da ɗaya, dubban mutane, manya da yara, har da tsofaffi, kuma ana rufe manyan tituna tun asuba.

"Malam Zakariya, kai da yayanka kuna gudu a banza, babu mai tafa muku sai akuya. Tirela na zai tashi sati na sama. Gaba ɗin akwai wuri. In kuna so, ƙanina zai rubuta sunanku."

Ban so in gaya wa Yaya ba, wallahi ban so ba. Yana da shekara hamsin da takwas, ni arba'in da tara. Na riƙe maganar kwana biyu a ciki, ta ƙi zama. Da na faɗa masa, sai ya shiga ɗaki ya fito da takalmin gudunsa ya hau wanke shi, takalmin da ko ƙura bai yi ba. Gidajenmu kuwa suka kama da wuta. Matata Hannatu dariya ta yi ta yi, ta ce in an nuna mu a talabijin za ta ce ba ta san mu ba. Amma Yaya Saratu, matar Yaya, ba da wasa ta ɗauki abin ba. Tana tankaɗe a tsakar gida na shiga, ko amsa gaisuwata ba ta gama ba.

"Mutum mai jika zai je ya sa gajeren wando a Legas? Ishaku, ka ji kunya mana. Wake yana gona, kai kana tunanin wasa."

"Wake zai jira," in ji Yaya. "Na taɓa jiran dawa, yanzu shi ma ya jira ni."

Ta ajiye rariyar ta juyo kaina.

"Zakka, kai ne ka kawo magana ɗin nan gida na. To ka ji. Ka tafi da shi, ka dawo mini da shi. Kar ka bar shi shi kaɗai ko minti ɗaya."

"Na yi alkawari, Yaya Saratu."

Da zuciya ɗaya na faɗa. A raina na ce wannan ai alkawarin banza ne, don ko ba ta roƙa ba, ina zan je in bar shi?

Kwana biyu da yini muka yi a gaban tirelar shanu. Wanda bai taɓa yi ba kada ya yi sha'awa. Gwiwa a haɗe da ƙirji, zafin inji yana dafa tafin ƙafa, shanu a baya suna dukan ƙarfe da ƙaho. Kafin mu wuce Gombe ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk inda direba ya tsaya a duba shanu ko a yi salla, Yaya zai diro ya kama zagaya tirelar da ɗan gudu, sau goma, sau ashirin, ni a bayansa. Fulanin da ke saman mota suna leƙo mu suna tambayar ko lafiya da harshensu, "Baba, jam?" Shi kuma ya ɗaga musu hannu ya ce jam ƙalau. Ban taɓa ganinsa da surutu kamar a wannan tafiya ba. Ya ba direba labarin malaminsu da ya hau dutse roƙon Baba, ya ba shi sau biyu, direban ya yi kamar bai ji na farko ba. Da duwatsu suka ƙare ƙasa ta kwanta, sai ya leƙa taga ya ce ashe akwai mutanen da suke rayuwa babu dutsen da za su hau da ƙafa. A Legas ƙanin Alhaji Modu ya sauke mu a ɗakinsa kusa da kara, ya kai mu inda ake karɓar lambar da mai gudu ke maƙalawa a ƙirji. Takarda ce kawai da allura huɗu. Yaya ya karɓe ta da hannu biyu. Iskar garin kuwa tun ranar ta ba ni tsoro. Nauyi gare ta da laima, kana shaƙa kamar ta cikin jiƙaƙƙen tsumma. Mu da muka saba da busasshiyar iskar dutse, ko zama muke gumi yana zuba.

Ranar gudun muka isa wurin tun gari bai gama wayewa ba. Ban taɓa ganin taron mutane haka ba, ko ranar babbar kasuwar shanu. Maza da mata, wasu da furfura fiye da ta Yaya, wasu da riguna masu ƙyalli, mu kuma da singileti fari da Hannatu ta wanke mana da bula. Aka yi sanarwa da lasifika, wani da ke kusa ya fassara mana: bayan awa uku za a buɗe titi, duk wanda bai kai ƙarshe ba mota za ta kwashe shi, kuma babu lambar yabo gare shi. Yaya ya ce awa uku ai har da canji. Aka harba bindiga, taron ya motsa kamar garke. Muna fita babban titi ya hango su. A mahaɗa ta farko 'yan sanda sun gindaya ƙarfe, bayan ƙarfen motoci sun yi layi iya ganin ido, bas-bas masu ruwan ɗorawa, manyan motoci, motocin masu kuɗi, duk a tsaye, direbobi sun fito suna kallo.

"Zakka! Zakka, duba! Sun tsaya!"

"Na gani, Yaya."

"Har da tirela! Duba, har da tirela ya tsaya!"

Ya ɗaga musu hannu biyu yana gudu yana dariya kamar yaro. In na rufe ido yanzu, wannan fuskar nake gani, ba ta kan gadon ciwo ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

To ga inda wautar take. Titin nan mota shida za su jera a kansa su tafi ba su taɓa juna ba. Mutane suna gudu kafaɗa da kafaɗa, miji da mata, aboki da aboki. Ni kuwa ina bayan Yaya, taku ɗaya, daidai saitin ƙeyarsa, kamar muna gangarowa daga Kwaja. Ko a raina bai zo ba cewa zan iya matsawa gefensa. Wata mata ma da ta zo wucewa ta yi mini nuni da hannu cewa ga fili, na yi mata murmushi na ci gaba da bin sawu. Shi kuma Yaya ya ɗauki gudun da ba nasa ba. Na san takunsa kamar yadda na san tarin Hannatu, kuma wannan ya fi na kullum sauri. Na ɗauka murna ce ke ɗibarsa. Da muka wuce allon kilomita goma rana ta fito sosai, singiletinsa ya manne a baya, numfashinsa ya fara ƙara. Ya karɓi ruwa ya zuba a kai. Bai juyo ba ya yi magana.

"Zakka, wuce."

"To, Yaya."

Na ce to, ban wuce ba. Haka muka saba, babba ya yi maka tayi, ka gode, ka tsaya a matsayinka. Bayan kamar kilomita biyu ya sake cewa, wannan karon da ƙarfi.

"Na ce ka wuce. Lokaci yana tafiya."

"Muna tare, Yaya. Lokaci yana nan."

Ƙarya nake, na duba agogona na ga ya fara cinye mu. Gudun Yaya ya koma jan ƙafa, amma ya ƙi sauka zuwa tafiya. Mutane da yawa a gefenmu suna yin haka, su taka a hankali su huta, sannan su sake ɗauka. Na yi mamakin me ya hana shi, amma ƙarami ba ya ce wa babba ya tsaya. Karo na uku har ya juyo da kai, idonsa ja.

"Kai wane irin mutum ne? Nan ba Kwaja ba ne! Baba ya mutu, Zakka. Wuce!"

"Ba zan iya ba, Yaya."

Gaskiya na faɗa masa. Ƙafata ba za ta iya ba ko da zuciyata ta yarda. Muka ci gaba a haka har allon kilomita goma sha biyar, inda titin ya fara hawa wata doguwar gada. Nan ya karkata gefe, ya zauna a kan dakalin titi, ya kama ƙwaurinsa na hagu da hannu biyu yana cije baki.

"Jijiya ne," ya ce. "Ya ɗaure. Ni na sauka daga hanya, ka gani? Babu wanda za ka wuce. Tafi."

Na durƙusa zan murza masa ƙafar, ya ture hannuna. Sai maganar Yaya Saratu ta faɗo mini. Na miƙe na hau ɗaga hannu ina kiran ma'aikatan agaji da ke tsaye da motarsu can gaba kaɗan. Yaya ya kama mini wando.

"Bar su. Zan huta kaɗan a nan. Kai dai tafi."

"Ba zan bar ka a titi kai kaɗai ba."

"Zakka, na ce ka bar su."

Ban saurare shi ba. Karo na farko a rayuwata na ƙi jin maganarsa kai tsaye, kuma ina ganin alheri nake yi. Suka zo su biyu, suka tambaya, na ce jijiya ce, ba ya iya takawa. Suka ɗaga shi, ya bi su yana ɗingishi. Ban motsa ba sai da na ga sun zaunar da shi cikin motar, ɗaya ya cire allurai huɗun nan ya zare lambar daga ƙirjinsa ya rubuta wani abu a takarda. Yaya ya bi lambar da ido, sannan ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma fushi ya yi. Ya ce, "To, yanzu ka tafi." Na juya na hau gadar. Na ƙarasa kafin a buɗe titi, wata yarinya ta rataya mini lambar yabo a wuya, na cire ta na cusa a aljihu na tafi neman inda aka kai shi.

A hanyar dawowa bai ba direba labarin komai ba. Da muka iso Lamorde ya sauka daga kan babur yana ɗingishi, Yaya Saratu na tsaye a ƙofa. Hannatu ce, da murnarta, ta zaro lambar yabon daga jakata ta ɗaga sama tana guɗa. Yaya Saratu ta dubi ƙarfen, ta dubi ƙafar mijinta, ta dube ni.

"Ashe ka bar shi."

"Ni na ce ya tafi," in ji Yaya.

"Kai ka ce. Shi kuma ya ji daɗi ya tafi."

Daga nan labarin ya fita, ku kuma kuka tashi a cikinsa. Ban kare kaina ba, don in na kwanta ina ganin gaskiya ta faɗa: na hau gada, shi yana cikin mota. Yaya ya yi wata guda yana ɗingishi. Da ya warke muka koma gudun safe, amma ya daina buga ƙofata, ni nake zuwa in buga tasa. Mun ce za mu koma shekara mai zuwa. Shekarar ta zo da auren Rifkatu, ta gaba gwiwarsa ta dama ta kumbura, wannan kuwa ciwo ne na gaske, likita ya hana shi ko saurin tafiya. Bai taɓa tambayata yadda na ƙarasa ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba. Shekara goma sha ɗaya muna zama a inuwa ɗaya, mu yi hirar wake, mu yi ta shanu, mu yi ta 'ya'ya, mu zagaye Legas kamar rami a tsakar gida.

Sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata ranar Alhamis da la'asar, Yaya Saratu ta tafi zumuntar mata a coci, aka bar ni da shi a gindin mangwaron gidansa. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ina ɓare masa lemo ya yi magana, idonsa a sama.

"Zakka, ƙafa na lafiya lau ranar nan."

Na tsaya da wuƙa a hannu.

"Wace rana, Yaya?"

"Kar ka yi mini wauta. Babu jijiyan da ya ɗaure. Gajiya ne kawai. Tun farko nake gudu da sauri saboda ina jin ka a baya na kana danne kanka. Na so in sauka in taka da ƙafa in huta, amma in na taka kai ma za ka taka, mu biyu mota ya kwashe mu, mu koma Mubi hannu biyu. Na ce ka wuce sau uku, ka ƙi. Sai na ce bari in zauna."

"Amma ɗingishin? Wata guda kana ɗingishi."

"To in daina a gaban Saratu? Na riga na fara." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Niyya na, in ka ɓace a kan gada ɗin, in tashi in bi ka a hankali. Kilomita shida ne, Zakka. Shida. Daga nan zuwa Digil ma na sha yin fiye da haka kafin shayi. Ko sun buɗe titi, ko ba su ba ni ƙarfe ɗin ba, da na kai da ƙafa na. Sai ka je ka kira mini masu mota."

Lemon ya faɗi ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ina cizon yatsa a kan na bar shi, ashe ƙin barinsa ne ya cuce shi. Da na wuce shi tun a kilomita goma kamar yadda ya roƙa, da ya yi gudunsa da takunsa. Da ma na tafi lokacin da ya zauna, da ya tashi. Ladabina ne ya zare masa lamba daga ƙirji, ni na kira waɗanda suka zare ta. Na sunkuya na kama ƙafarsa, ita ta hagun, ina kuka kamar ba dattijo ba, ina cewa ya yafe mini.

"Tashi, kar yara su shigo su gan ka. Na yafe tun a cikin mota ɗin. Abin da aka koya maka ka yi." Ya jira na share fuska. "Ba don wannan na ɗauko magana ba. Abu ɗaya nake so. Ban taɓa tambayan ka ba don kar ka ji nauyi, amma yanzu lokaci ya ƙure. Bayan gada ɗin nan, mene ne a wurin? An ce ana ganin teku. An ce akwai masu ganga a ƙarshe. Faɗa mini daga inda na zauna, a hankali, kar ka tsallake komai."

Ya gyara kwanciya ya rufe ido yana jira. Na buɗe baki, na nemi gadar a cikin kaina, na nemi tekun, na nemi masu gangar. Babu komai. Na tuna kwalta, na tuna robobin ruwa da aka zubar, na tuna ƙafafuna. Kaina a ƙasa na yi kilomita shidan nan, hawaye da gumi sun rufe mini ido, ban ɗaga kai ba sai da aka rataya mini ƙarfe. Na yi tunanin in ƙirƙira masa, in ce ruwa shuɗi har ƙarshen duniya, in ce jiragen ruwa, da ba zai taɓa sani ba. Amma ya gama faɗa mini gaskiya, ban iya mayar masa da ƙarya ba.

"Ban ga komai ba, Yaya. Ban ɗaga kai ba."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya mayar da kansa kan matashi.

"Kash," ya ce a hankali. "Ashe mu biyu babu wanda ya gani."

Kwana tara bayan nan muka kai shi Kwaja muka binne shi.